Tarhilin Tsohuwar Lema

Tasallah maƙwabciyata ce a unguwar Harra ta Gabas, cikin Madina. Daga Maraɗi ta zo aikin Hajji tana da ƙuruciyarta, ta zauna, ba ta koma ba. Iƙama kuwa, takardar izinin zama, ko a mafarki ba ta taɓa riƙewa ba. Kuka da busasshiyar kuɓewa take shimfiɗawa a Uhudu, Hausawa masu ziyara suna saye. Mace ce mai faɗan tsiya, ni kaina mun sha yi da ita a kan igiyar shanya.

Baƙin cikinta ɗaya ne, jikarta Raliya. Yarinyar a Madina aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma a yi mata magana sai ta mayar da Larabci. Tasallah ta yi faɗa, ta yi lallashi, duk a banza.

Abin da ya buɗe bakin Raliya katun ne na Japan da take kallo a waya. Labarin zamanin da ne: kayan gida in sun tsufa an yasar da su, sai su zama aljanu, wani boka mai aski ƙwal yana bi gida gida yana korarsu. Fassarar da Larabci take fitowa a rubuce, Tasallah kuwa ba ta karatu. Dole Raliya ta riƙa fassara mata da gurguwar Hausarta. Tsohuwar da ke cewa kallon banza ne, sai ga ta tana naɗe tabarmar kasuwa tun la'asar.

Wata rana ina wurin aka nuna wata yagaggiyar lema mai ido ɗaya, ta maƙale a bayan ƙofa. Boka ya shigo.

Tasallah ta ce, "Me zai yi mata?"

Raliya ta nemi kalmar ta rasa. Sitti take ce wa kakar, irin kiran Larabawa. Ta ce, "Sitti, zai yi mata... tarhil."

Wato abin da ake yi wa marasa takarda, a kama su a mayar ƙasarsu. Ni dariya na yi. Tasallah ba ta yi ba.

Ta ce, "A gidan nan ta tsufa. Ina za ta?"

Bara aka yi kame a Uhudu, aka haɗa da Tasallah. Ɗanta Badaru ya yi yawon neman a sake ta har ya gaji. Yanzu tana Maraɗi wurin dangin da ba su san fuskarta ba. Wallahi ina kewar faɗanta.

Raliya ta ci gaba da kallon katun ɗin. Takan kira kakarta, ta ba ta labarin abin da ta gani, da Hausa tsantsa. Rannan ina jin su, tsohuwar ta tambayi lemar nan. Mu mun ga ƙarshen, mun san an kore ta.

Raliya ta ce, "An bar ta, Sitti. Tana nan bayan ƙofa."