Ruwan da Yayana Ya Juya

Ba zan ce yayana bai yi laifi ba. Ya yi, kuma a gabana ya amsa. Shekarar da na gama jami'a na dawo ƙauyenmu kusa da Kamlin, yana noma hawashar wani mutum, wato gonarsa ta ban-ruwa, in an girbe su raba biyu. Dawa ta fara fidda kai, ganyenta na naɗewa, ga shi sai bayan kwana huɗu zagayen ban-ruwa zai zo kansa. Da rana tsaka ya ɗauki fartanya ya fasa bakin abu ishirin, ƙaramar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin layinmu. Ruwan ya fi ƙarfinsa, ya kwanta a gyaɗar maƙwabci, wani sashe ya ruɓe.

Aka kira zaman ajawid, dattawan da ke sasanta rigima, a gindin bishiyar maina. Ni ma aka kira ni, don rubutuna na Larabci yana da kyau kuma suna son hukuncin ya shiga takarda.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Shekarar da ta gabata ɗan shugaban kwamitin ruwa ya fasa wannan bakin. Ban gani da idona ba, ina makaranta, amma na tambayi mutum uku daban-daban kuma bakinsu ya zo ɗaya. An zauna, an sha shayi, an yi Fatiha, an ce ƙuruciya ce. Alhali ɗan shugaban ya girmi yayana da shekara biyu.

Ba a daɗe ba aka yanke. Mai hawasha zai karɓe gonarsa bayan girbi, kuma kada kowa a layin ya sake ba yayana noma. Shugaban kwamitin ya miƙo mini biro.

“Ya ustaz, rubuta, halas, an gama.”

Na karɓi biron. Na ce, “Baba, a gafarce ni, wataƙila ni ne ban fahimta ba. Na bara ma an rubuta?”

“Mi kac ce?”

“Na ce wanda ya fasa bara, a wace takarda aka sa shi? Ina so in bi yadda aka rubuta.”

Wani tsoho ya yi dariya ya ce, “Yaron ga karatu ya hau mai kai.”

Shugaban bai yi dariya ba. Ya ce, “Wancan ɗan gida ne, kowa ya san ubanai. In ya ɓata muna da wurin kamawa.”

Na ce, “Namu uban ma kun san shi, Baba. Ku kuka yi masa salla, a nan bayan tur'a, babbar hanyar ruwa, kuka binne shi.”

Na ajiye biron a kan tabarma. Na so in ƙara da neman afuwa, har kalmar ta zo bakina, na haɗiye. Limamin ƙauye ya ɗauka ya rubuta. Hukuncin bai canja ba ko da harafi.

A hanyar gida yayana bai dube ni ba. Sai da muka kai ƙofa ya ce, “Da ka yi shiru, bayan girbi in je in durƙusa musu, ƙila su bar ni.”

Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Na sha juya maganar a raina, kuma ba ni da tabbacin ban ƙara masa nauyi ba. Bayan girbi ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Sinnar yana aikin lada a gonakin mutane.

Amma ba ni na rubuta takardar ba. Bayan wata biyu shugaban ya aiko a kira ni in rubuta wani zaman, wai komai ya wuce. Na ce a gaya masa zan zo, idan za a fara da na bara. Har yau bai sake aikowa ba.