Ranar da Ya Ce Munka

Ni ba mai fita ba ce. Tun da maigidana ya kawo ni Rillieux, wata unguwa a gefen Lyon ta Faransa, daga Damagaram nake zaune a hawa na shida, kuma in aka cire kasuwa da asibiti da gidan suna, ƙafata ba ta san garin Lyon ba. Boko ban yi nisa ba, aji uku na yi. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. In mutum ya yi sallama a waya, kafin ya gama gaisuwa na san ɗan Maradi ne ko ɗan Tawa, ko kuwa Bakano ne da ya daɗe cikin mutanenmu. Maigidana yakan ce da ni aka ɗauka aikin duwan, masu tsaron kan iyaka, da ba a wahalar da kowa da fasfo ba.

Ɗiyarmu ta fari nan aka haife ta, tana aikin jinya cikin gari. Wata rana ina yanka kuɓewa ta zo ta tsaya bakin ƙofa tana murza zoben hannunta, ta ce akwai mai son zuwa ya gaishe mu. Na ce ɗan ina ne? Ta ce ɗan Damagaram ne, kamar mu. Na ce ɗan wane gida?

"Maman, ki bari ya zo mana. Tun bai taka ƙofa ba kin buɗe kotu."

Ya zo ranar Lahadi bayan azahar, kuma kafin in gan shi na ji shi. Wata ƙara ce ta shigo unguwa, ba irin ta motocin maƙwabta ba, mai kauri, kamar ana yaga sabon yadi a cikin rijiya. Na leƙa ta taga. Mota ja, gajera kamar an danne ta da tafin hannu, tsohon yayi amma tana walƙiya. A unguwarmu in saurayi baƙar fata ya fito daga irin wannan mota, ba sai an gaya maka abin da mutane za su ce yana sayarwa ba.

Ya shigo ya durƙusa har ƙasa, gaisuwa cikakkiya, babu gaggawa. Tun ba a tambaye shi ba ya ce motar ba tasa ba ce. Yana aiki a wani gareji a bakin gari inda ake gyaran tsofaffin motocin tsere na masu hali, in an gama gyara maigidansa kan ba shi ya zagaya da mota ya saurari injin. Ni dai hannunsa nake kallo. Yatsu masu kauri, da tabon ƙuna ƙanana birjik har gwiwar hannu, tsofaffi, irin waɗanda aka samu tun ƙuruciya.

Maigidana kuwa an gama da shi tun daga taga. Shekara da shekaru yana sayen tsofaffin motoci yana aika su Kwatano ta jirgin ruwa, mota ita ce hirarsa, ni kuma na daɗe da gajiya da ita. Ga shi Allah ya kawo masa mai saurare, mai kuma ba shi abin da bai sani ba. Kowace Lahadi yaron zai zo, in kawo shayi da gyaɗa, su zauna a kan tarihin gidan da ya ƙera jar motar nan. Sunan gidan harshena bai taɓa iya juya shi ba, na Italiya ne dai. Ina kicin ina jin komai.

A can na ji cewa mutumin da ya kafa gidan da tsere ya fara, kuma ba don son ciniki yake sayar wa attajirai mota ba, don ya sami abin ciyar da tseren ne. Na ji cewa a da kowace ƙasa da launinta a fagen tsere, Faransa shuɗi, Ingila kore, Italiya ja. Na ji yadda ake tsere a kan hanyoyin ƙauye da duwatsu, direba da hular fata, makanike zaune kusa da shi yana cin ƙura, in taya ta fashe su dira su canza. Akwai tseren da ake yini a kwana ana yi ba a tsaya ba. Akwai direbobin da suka fita da safe ba su dawo ba. Yaron ya san wace mota ta haifi wace, wace ce kakar wace, kamar maroƙi yana jero asalin sarki.

Abin da ya fara tsaya min ke nan. Mutumin da ya san kakar mota ta bakwai, sau nawa ya ambaci ubansa? Ko sau ɗaya. Kuma in yana labarin gidan motar ba ya cewa sun yi, sai mun yi. Mun ci, mun faɗi, mun dawo. Na ce a raina, kai da wa?

Sai Lahadi ta huɗu. Yana ba da labarin wata shekara da motocinsu suka lalace saura guda, hira ta yi zafi, ya miƙe tsaye da kofi a hannu.

"Alhaji, kowa ya ce an gama da mu. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Sai da gari ya waye munka wuce su, munka ci!"

Ludayi ya tsaya a hannuna. Mu a Damagaram muka muke cewa, suka, aka. Munka da sunka da anka na mutanen yamma ne, Adar da Gobir da Sakkwato. Ɗan Damagaram ko mafarki yake ba zai ce munka ba. Nan take ya gyara, ya ci gaba da muka, amma ni na riga na ji.

Da zai tafi na rako shi bakin asansar, na'urar hawa da sauka bene, ina dariya kamar ba komai.

"Ɗana, wai a Damagaram unguwar Birni kuke ko Zango?"

"Zango, Inna."

"Wajen ina?"

"Ina ƙarami na baro, Inna. Kawuna na Paris ne ya riƙe ni."

Amsa sumul, kamar an wanke ta an goge an ajiye don ranar da za a nema.

Na gaya wa maigidana. Ya ce yaro ya yi yawon duniya, ya zauna da ƴan Tawa, baki yana ɗaukar na maƙwabci. Ya ce, "Wannan kunne naki wata rana shi zai kashe wa ɗiyarki aure." Na gaya wa ɗiyar, ta ce, "Maman, arrête, ya isa haka, saboda kalma ɗaya?" ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Ga shi an riga an sa rana, sati biyu masu zuwa kawun zai zo daga Paris neman aure. In aka karɓi goro magana ta fita hannuna. Ɗiyata ce za ta shiga gidan mutumin da ban san ko wane ne ba.

Ni da ban taɓa shiga jirgin ƙasa ni kaɗai ba, na ce za ni Paris sayen atamfar biki. Maigidana ya dube ni, ya je ya sayo tikiti. Ƙanwata da ke zaune wajen Porte de la Chapelle ta tare ni, washegari muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa Château Rouge, kasuwar baƙar fata. Hayaniya, warin kifi busasshe, masu kitso suna jan hannunka. Shagon kawun na yadi ne, ƙarami, an jera atamfa har rufi.

Shi kam ɗan Damagaram ne na gaske, tun daga sallamarsa na ji gida. Muka gaisa muka sake gaisawa, muka taɓo mutanen da muka sani tare, ya sa aka kawo min lemo. Sai da na zaɓi turmi biyu na ce, kamar abin ya faɗo min ne yanzu:

"Alhaji, yaron nan namu, ta wane ɓangare kuka haɗa?"

"Ɗan wana ne, Hajiya. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ikon Allah. Shi kuwa kawu yake ce maka. Na zaci ɗan ƙanwarka ne."

Almakashi na hannunsa, ya ajiye shi a hankali. Ya aiki mai taya shi waje. Sannan ya ce, ba ya kallona, babu jini tsakaninsu. Yaron ya sauka Paris ba shi da kowa, ya ba shi wurin kwana a bayan shago shekara biyu, ko allura bai taɓa nema ya rasa ba.

"Yaron kirki ne, Hajiya, na rantse da wanda raina ke hannunsa. Sauran ba nawa ba ne. Ki tambaye shi."

A jirgin dawowa babu abin da ban saƙa ba. Ko yana da mata a gida. Ko ya yi zaman gidan kaso. Ko takardunsa na wani ne. Ko shege ne, Allah ya yafe min. Da na sauka Lyon ban nufi gida ba. Sunan garejin yana cikin wayata tun ranar da ɗiyata ta aiko min hoton yaron a bakin aiki, na nuna wa mai taksi, da ledar atamfata a cinya.

Wani Bature mai farin gashi ya nuna min can ciki. Motoci a jere an lulluɓe wasu da zane, wasu an tuɓe su sai ƙashi. Ban kai ba na ji guduma. Bugu biyu masu nauyi, sai ɗaya mara nauyi a gefe, kamar hannu yana hutawa. Biyu, sai ɗaya. Na tsaya cak. Gidan kakata bango ɗaya ne da maƙera, da wannan kiɗan nake tashi kowace safiya har na yi wayo. Ba a koyon sa a lakwal, makarantar boko. A gindin uba ake ɗaukar sa, yaro yana zuga wuta tartsatsi yana cin hannunsa.

Saurayin yana tsaye gaban wani kututturen itace da aka fafe tsakiyarsa, ya ɗora farin ƙarfe yana bugu yana juyawa, ƙarfen yana lanƙwasa yana zama kafaɗar mota. Na bari sai da ya ɗaga kai.

"Sannu da aiki, ɗan maƙera."

Gudumar ba ta faɗi ba, ajiye ta ya yi. Ya jawo min kujera ya goge da rigarsa, shi ya tsuguna. Da ya buɗe baki, Hausar Adar ce ta fito gaba ɗayanta, babu sauran ɓoyo.

"Inna, gaskiya kinka hwaɗi. Ubana maƙeri na, kakana maƙeri na. Wani ƙauye bayan Tawa, can munka tashi."

Ya ce ya taɓa neman aure a Paris, an karɓe shi hannu biyu, ranar da aka ji sana'ar gidansu aka maido masa da kayansa a leda. Ya ce a nan wurin kuwa, abin da ake gudu a gida shi ake nema. Motocin tseren farko duk da hannu aka buga jikinsu, a kan kututture irin wannan, kuma masu iya wannan aiki sun kusa ƙarewa. Bature ya ga bugunsa sau ɗaya ya ce kada ya tafi.

"Da ina cewa mu, Inna, ba masu kuɗin nika nuhi ba. Masu gudumar."

Na ji shi, har raina ya yi sanyi. Amma ban zo jin daɗi ba.

"Ita ta sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ɗiyakki ta ce in ce Damagaram. Ta ce ta san gwaggonta."

Wannan ce ta buge ni, ba ta maƙera ba. Wata guda ina zargin baƙo, ashe a ɗakin da ke kusa da nawa aka ɗinka rigar. Kuma ba ta yi ƙarya a kan gwaggon ba. Gidan su maigidana gidan malamai ne, yayarsa da ke Damagaram ita ce uwar gidan tun rasuwar iyayensu, kuma a bakinta na sha jin cewa ba a haɗa jini da maƙeri, wai arziki ba ya zama. Ni kaina da wannan magana na girma, ban taɓa tambayar wanda ya fara faɗin ta ba.

Na ce masa ni ba zan kai ƙararsa ba, ba kuma zan rufa masa ba. Ranar Lahadi ya zo ya faɗa wa Alhaji da bakinsa, da harshen ubansa. In bai zo ba, kada ya ƙara zuwa.

A gida ban ce wa ɗiyata uffan ba sai da ta zo karɓar atamfa ta gani. Na riƙe ledar na ce, "Na je gareji." Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ta yi kuka, ta ce tsoro ta ji. Na ce tsoron gwaggonki ya sa kika mai da uwarki wawiya?

Ranar Lahadi yaron ya zo. Na shiga kicin na rufe ƙofa, ranar ce kaɗai na kunna famfo don kada in ji. Da na fito ya tafi, maigidana yana zaune shayinsa ya huce. Kwana goma bai ta da maganar ba. Na ga yana shiga ɗaki da waya yana fitowa fuska a murtuke, na san da wa yake yi. A na sha ɗaya yana ɗaura takalmi zai fita ya ce, ba tare da ya juyo ba, a gaya wa yaron ya sa ubansa na gaskiya ya kira shi, kuma mai shagon Paris ya zo a matsayin abin da yake, maigida, ba kawu ba.

An ɗaura aure bayan salla ƙarama, a ɗakin taron masallacinmu. Daga Damagaram ba a aiko da ko ƙyalle ba. Shekara uku ke nan, in na buga wa yayar maigidana waya jikarta ce ke ɗauka, ta ce Hajiya tana salla, ko da ƙarfe goma na safe ne. Maigidana ya bar kira. Ni ina kira duk Juma'a, in gaida yarinyar, in ce ta gaya mata an gaishe ta.