Fayil ɗin da Yaya ya bari a buɗe

Yayana yana da shagon buga takardu a Kwalkwalawa, ɗalibai ne yawancin masu zuwa wurinsa. Da ya rasu, matarsa tana cikin takaba ta aiko a ce mini in je in duba kwamfutarsa, don mutane sun fara zuwa neman ayyukansu.

Na tarar cuta ta taɓa kwamfutar, ta cinye ƙarshen sunayen fayiloli. Ba ka iya gane wanne ne rubutu, wanne ne jadawalin lissafi, wanne ne allon gabatarwa. Buɗe su ɗaya-ɗaya kuwa ba zai ƙare ba. Sai na rubuta 'yan layukan umarni: manhajar ofis ta buɗe kowane fayil, ta faɗi irinsa, a kai shi cikin 'yan uwansa.

Bayan azahar na kunna. Zafi ya kori kowa daga titi, ni kaɗai a kujerar Yaya da ta lotsa daidai zamansa. Aiki yana ta tafiya, sai ya tsaya cak a kan wani fayil. Manhajar ba ta ce rubutu ba ne, ba ta ce jadawali ba. Cewa ta yi wani yana aiki a kansa, in jira ya gama.

Babu intanet a shagon, babu wata kwamfuta. Na san idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, akan bar wata alama mai sa a ga kamar fayil yana buɗe. Na neme ta ko'ina, babu.

Na buɗe shi da hannu. Farin shafi ne, ba ko harafi. Ɗan tsinken nan mai nuna inda rubutu zai fara yana ƙiftawa a sama. Ina kallo ya sauko layi ɗaya. Hannuwana duka suna kan cinyata.

Na kashe kwamfutar, na rufe shagon, na nufi Mabera wurin matar Yaya. Daga bayan labule ta saurare ni. Ta ce ya daɗe yana cewa zai rubuta tarihin mahaifiyarmu, kullum sai ya ce bai san ta inda zai fara ba.

"Bar mishi abinai," in ji ta.

Washegari na sa umarnin ya tsallake fayil ɗin, na raba wa mutane ayyukansu. Kwamfutar tana ɗakin matar Yaya yanzu, an lulluɓe ta da zane. Yara sun nemi a ba su, ta hana.