Ajiyar Arɗo a Zaurenmu

Ban taɓa shiga ɗaki mai sanyin zauren kakana na Gwaram ba. Daɓen ƙasa ne mai sulɓi, da buzun rago a tsakiya, da butar tagulla, da kaskon turaren wuta. A nan nake kwanciya in karance ƙananan littattafan soyayyar da nake sayowa a Birnin Kudu. Duk sa'ad da na ɗaga kai, idona kan sauka kan wata wuƙar damtse da ke rataye sama da ƙofa, kubenta na jar fata har ya yi baƙi.

Ba tamu ba ce. Mahaifin Arɗon rugar da ke bayan gonarmu ne ya kwance ta daga hannunsa ya miƙa wa kakana, ranar da aka sasanta rikicin burtali bayan an zubar da jini. Kowa ya san ma'anarta: muddin tana nan, shanunsu ba sa taka mana shuka, mu ma ba ma nome musu hanya.

Ni kuwa 'yar Arɗon nake so, irin son da na zaci a littafi kaɗai ake yinsa. An shirya iyayena za su je nema mini aurenta da kaka, bayan girbi.

Kakana ya rasu a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙauye. Baffana, yayan mahaifina, ya gaji zauren, ya zuba kujerun kushin, ya shimfiɗa leda. Sai ga wasu ma'aikatan gidan tarihi daga birni, suna tattara kayan da za su ƙawata ɗaki irin zauren mutanen da. Baffa ya kwashe musu buzu da buta da kasko kyauta, sannan ya miƙa hannu sama.

Matarsa ta yi magana daga bayan ƙofa: "Malam, ban da wuƙar nan."

Ya yi dariya. "Haba ke kuwa! A gilashi za a sa ta, har Turawa su gani. Ai girma aka yi wa Arɗo."

Ranar Juma'a Arɗo ya zo gaisuwa. Aka nuna masa kujera, ya ƙi zama. Ya daɗe yana kallon ƙusar da babu komai a jikinta.

"Malam, ina ajiyarmu?"

"Tana birni, Arɗo, cikin gilashi. Ba ƙura, ba ɓarawo."

"Wa kuka tambaya?"

Baffa ya shafa gemu.

"To, madalla," in ji Arɗo a hankali. Ruwan da na kawo masa ko taɓa shi bai yi ba.

Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Amma daga makon nan samarin rugar suka fara bin burtali da ƙarfe ɗaure a damtse, abin da tun tasowata ban taɓa gani ba. Suna gaishe mu da ladabi, shanunsu na tafiya dab da dawarmu da ta fara nuna.

Mahaifina ya ce a gaggauta maganar aurena, ko ta gyara abin da ya ɓaci. Aka aika da ƙwaryar goro da safe. Kafin la'asar aka dawo da ita, ɗaurin bakinta yadda Innata ta ɗaure shi.