Ranar da Goggo ta daɓe mana kankare

Akwai abin da in na tuna nakan yi dariya, akwai wanda nakan yi tsaki. Amma ranar da aka zuba kankare a tsakar gidanmu a Kudan, ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina ba za ta fita raina ba. Shekaru sun ja, har yau in na tuna ta sai na ji wuyana ya ɗau zafi.

Ni ba mai yawo ba ce. Duniyata daga bakin murhu zuwa bakin rijiya take, shi ya sa tsakar gidan nan ta dame ni fiye da kowa. Da damina caɓi har idon sawu. Da rani kuwa in muka yanka tumatir muka shanya, sai ƙasa ta bi shi, mai saye ya ɗauka ya murza ya ce, “Wannan tumatir ne ko yashi?” Shekara da shekaru ina yi wa Malam maigidana mita, har Allah ya sa wata shekara ya ce to, za a zuba mini kankare kafin tumatir ya nuna.

Birkilan da ya ɗauko wani dattijo ne marar yawan magana, da leburori uku. Da sassafe suka fara, ni kuma na kafa kujera a ƙofar ɗaki ina kallo, don kunnena ba ya barin magana ta wuce. Sun riga sun baje ƙasa sun danne ta tun jiya, sun kafa katako a gefe-gefe. Buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, haka na ji yana ƙirga musu. A bushe suka fara juyawa da shebur, sai da ya zama launi ɗaya, sannan suka yi rami a tsakiya suna zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Wani lebura ya so ya kwarara bokiti guda don juyin ya yi sauƙi, birkila ya daka masa tsawa: “Kai! Kunu na ce ka dama mini? Ruwa ya yi yawa, ƙarfi ya tafi.”

Suna kwasowa suna zubawa, shi yana caccaka da sanda yana bubbugawa da wani dogon katako har ruwa-ruwan siminti ya taso sama. Ya ja katakon ya daidaita, ya ɗan karkata shi wajen rariya don ruwan sama ya samu hanya. Ya jira ƙyallin ruwan ya ɗauke, sannan ya bi da ƙaramin katako ya shafe, ya bi da cokalinsa na gini. A ƙarshe ya tsaga layi biyu, tsakar gida ta rabu gida huɗu. Wallahi da na duba sai na ji kamar ba gidana ba.

Bayan azahar suka tattara. Malam ya tafi kasuwar Makarfi tun safe, don haka ni aka bar wa amana. Birkila ya tsaya daga bakin zaure ya ce, “Uwar gida, ki ji ni da kyau. Yau ko kaza kada ta taka. Gobe da safe a shimfiɗa buhunan algarara a jiƙa su, safe da rana da yamma, kwana bakwai. Kada ki bari ya bushe.” Na ce na ji. Na kuwa ji.

Bai fi awa ɗaya da fitarsu ba na ji sallama. Goggo ce, yayar mahaifin Malam, daga Furana, da ƙullin kayanta a ka. Ita ta goyi Malam, ni kuwa ko idonta ban taɓa iya kallo ba. Kuma duk yankinsu an san ta da daɓe. In za a kai amarya, ita ake kira ta tara mata, a baje tsakuwa da jar ƙasa, a yi ta duka da madaɓi ana waƙa, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ɗaki ya fito sumul. Na durƙusa muka gaisa, ina gajiya, ina mutanen gida, ina hanya. Ba ta gama amsawa ba idonta ya sauka a tsakar gida. Ta lallaɓa gefe ta danna yatsa. Ya ɗan lotsa.

“Ke amarya,” haka take ce mini ko da na haifi biyar, “wa ya yi muku wannan?”

Na ce birkila ne, Goggo, yanzu suka tashi.

“Ya daɓe?”

“Ya bubbuga da katako.”

“Katako!” Ta riƙe haɓa. “Sun cuci yaron nan. Ƙasa ba ta sha duka ba ta ina za ta yi ƙarfi?”

Na ce a hankali, ina kallon ƙasa, “Ai ya ce kada a taɓa, Goggo.” Ta ce ai dole ya ce kada a taɓa, don kada a gane ha'incinsa. A nan ne ya kamata in ɗaga murya. Ban ɗaga ba. Na shiga kawo mata ruwa da fura, ina cewa a raina tsohuwa ce, in ta huta za ta manta.

Ina ta manta! Ina cikin dama fura ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta. Kafin la'asar tsofaffi shida sun cika mini gida, kowacce da madaɓinta, wasu ma sai da aka kaɗe musu yanar gizo. Wata kuma ta zo da tulun makuba da ta jiƙa don ɗakinta. Murna suke, wallahi murna, don an daɗe ba a kira su daɓe ba. Suka ɗaura ɗamara, suka jera a gwiwa, Goggo ta ba da waƙa, madaɓai suka sauka tim! tim! a kan kankaren da ya fara kamawa.

Ina tsaye da ludayi a hannu ina ganin abin da nake roƙo shekara da shekaru yana farfashewa. Shafen nan mai santsi ya tsattsage, tsakuwa ta fito, suka bi da makuba ya koma ja-ja kamar miyar da ta kwana. Na ce, “Goggo…” Waƙa ta danne. Na sake cewa, wata ta ce, “Ke matsa, ki ɗora mana ruwan zafi.” Kuma don takaici na ɗora! Har yau wannan ruwan zafin ya fi komai ba ni haushi.

Sun gama gida biyu za su tsallaka layi zuwa na uku, sai na ji wani abu ya taso mini. Na ajiye ludayi na zagaya na durƙusa a bakin layin, na shimfiɗa hannu biyu. Na ce, “Goggo, don Allah don Annabi, ki dake ni da madaɓin, amma nan ba za a taɓa ba. Ni aka bar wa amana.” Madaɓai suka tsaya. Goggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Lallai amarya ta yi baki.” Ta miƙe ta kaɗe zane, ta ce wa matan su bar mini rabin, za a ga na wa zai tsaya.

Malam da ya dawo ya tsaya a bakin zaure ya yi salati ya fi a ƙirga, amma da Goggo ta ce, “Na gyara maka rabi,” sai ya ce, “An gode, Goggo, Allah ya ƙara girma.” Ni ya harara. Ni!

Washegari na shimfiɗa buhuna na jiƙa. Ina juya baya Goggo ta kwashe su ta rataya a igiya, wai ina hana abu bushewa ga rana tana ɓata a banza. Na mayar, ta kwashe. Muna cikin haka birkila ya zo dubawa. Ya daɗe yana kallon rabin nan ja. Can ya gaishe da Goggo har ƙasa ya ce, “Inna, aikinki na ƙasa ne, kuma na san kin iya. Ƙasa duka take so da rana. Shi wannan bubbugarsa tun yana ɗanye ce, da ya fara kamawa in aka doke shi an karya shi ke nan. Kuma ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi a hankali.”

Goggo ta ce, “To in gini na son ruwa, me ya sa damina ke rushe katanga?”

Birkila ya juyo wajena ya ce, “Uwar gida, ki dai ci gaba da ba shi ruwa.”

Kwana bakwai na yi ina jan guga har tafina ya yi kanta. Goggo ta daina kwashe buhuna daga rabina, amma nata ta hana ko ɗigo ya taɓa shi, tana zaune tana gadi da carbi. Abinci ma in na kai mata sai ta juya kai ta karɓa.

Bayan wata guda, ana gobe za ta koma Furana, na ga ta fito da taɓarya. Ta ƙwanƙwasa rabina, ya yi ƙara ƙwal-ƙwal. Ta ƙwanƙwasa nata, ya ruguje kamar busasshen tuwo, ƙura ta tashi. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Wannan abin naku ba ya jin duka, sai lallashi.” Iyakar abin da na samu ke nan, kuma a wajen Goggo ba kaɗan ba ne.

Rabin nata sai da aka fasa aka kwashe, kuma ba a samu sake zubawa ba sai wata shekarar. Tumatir ɗin wannan shekara rabi a kankare ya bushe, rabi a ƙasa.

Na daɗe ina ɗora wa Goggo laifi, amma da na yi shekaru sai na ga ita abin da ta sani ta yi, kuma don ƙaunar ɗanta ta yi. Ni ce na ji da kunnena, na sani, na tsaya dama fura. Abin da na koya shi ne, girmama babba ba shi ne ka yi shiru kana kallo yana ɓarna ba. Durƙusawar da na yi a bakin gida na uku, da a bakin na farko na yi ta, da ita da ni ba wanda zai ji kunya. Yanzu ni ma surukai gare ni, kuma tun ranar da aka kawo kowacce nake gaya mata: in kika ga na ɗauko madaɓi inda ba na madaɓi ba, ki durƙusa ki faɗa mini tun ban ɗaga hannu ba.