Cocin da Muka Yi a Gonar Shinkafa

Mun tashi da asuba daga Idu, unguwar masana'antu a Abuja, masu gadin kamfanoni ko hamma ba su gama ba. Ku sani tun yanzu, ba don tsarkina aka ɗauke ni ba. Lodi nake yi a sito, to duk tafiyar da ke da kwalaye da sifika da janareto, sai a tuna ni ma ɗan cocin ne. Baba Fasto ya ce Allah yana amfani da kowa. Na ce amin, Baba, musamman mai ƙarfin baya.

Ga dalilin tafiyar. Mama, malamar Sande Sukul ɗinmu, mishan za ta tura ta Chadi ita da maigidanta su dasa sabon coci. Shekara da shekaru tana zuwa wani ƙauye bayan Kwali tana koya wa yara waƙa da aya a gindin mangwaro, har abin ya zama ɗan coci. Wannan zuwan na ban kwana ne. Tun daga Idu ba ta da hira sai ta wata yarinya 'yar wajen shekara goma, mai kunyar tsiya, wadda ko sunanta aka tambaya sai ta kalli ƙasa. Zuwan da ya wuce yarinyar ta riƙe bakin zanin Mama, ta yi mata alkawari a kunne cewa za ta haddace aya ta faɗa gaban kowa kafin Mama ta tafi. Mama ta ce ko wannan kaɗai ta ji, ya ishe ta guzuri.

A Giri tireloli suka riƙe mu, kamar kullum. Gwagwalada muka tsaya karyawa. Jama'a, doyar da ake soyawa yanzu, in ka ɗaga yanka ɗaya sama kana hango rana ta ciki, kuɗin kuwa ya yi ƙiba. Mai shayin, wani ɗan Sakkwato, ya leƙa motarmu ya ga ganga, ya ce, "'Yan coci, in kun je ku roƙa mana fetur ya sauka." Na ce, "Malam, ku da kuke yi sau biyar a rana ba ku sauke shi ba, sai mu?" Ya yi dariya har ya ƙara mini madara.

Bayan Kwali, inda tukwane ke jere bakin titi kamar suna jiran mota, muka bar kwalta. Nan hanya ta nuna mana halinta. Damina na ƙarewa, amma laka ba ta ji labari ba. Muka kafe, muka sauka muka tura. Matan Gbagyi suka zo suka wuce mu da itace a kafaɗa, ba a kai ba, suna yi mana sannu. Wata tsohuwa ta kalli farin kambas ɗina ta girgiza kai, ta wuce. Gara ma ta zage ni.

Cocin ginin laka ne, rabi kwano rabi ciyawa, bencuna kuwa kututturen itace. Na sauke kaya, na haɗa waya, 'yan matan kwaya suka hura balan-balan, aka jera biskit. Sifika ta fara kira. Wa ya zo? Tsofaffi, da 'yan ƙananan da ba su san wando ba. Yaran Mama ko ɗaya.

Mai bisharar ƙauyen ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce, "Mama, shinkafa ce ta fara nuna. Duk yaron da ya iya ihu yana fadama yana korar tsuntsu." Kun ga mu ke nan, 'yan Abuja. Mun zaɓi Asabar don ranar ce ba ofis. Ba wanda ya tambaya me ake ciki a gona. Shi kuma mai bisharar da aka buga masa waya, kunyar manya ta hana shi cewa kar a zo, sai ya ce ba matsala.

Mama ta tambayi yarinyarta. Aka ce uwarta jego take yi, ubanta yana birni wajen aikin gini, ita kaɗai ke tsaron gonarsu, kuma wannan shinkafar ce abincinsu har baɗi. In ta bar wajen ko na ɗan lokaci, tsuntsu ya yi biki. Mama ta zauna a kan kututture tana kallon hanyar fadama.

Sai bakina, wanda ba ya neman shawarata, ya ce, "Mama, tsuntsu ne fa, ba ɗan sanda ba. Bari in je in karɓe ta."

Aka nuna mini hanya. Fadamar shimfiɗe, kowace gona da ɗan gadon itace a sama, yaro a kai, igiyoyi sun fita ko'ina an rataya musu gwangwani da tsakuwa a ciki. Na same ta, na ce, "Ƙanwata, sauko, Mama na jira. Ogan ihu ya iso." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a hankali, "Yaya, ba za ka iya ba." Na ce ni da nake kiran lodi a Idu? Ta sauko, na hau, ta fara tafiya tana waiwaye.

Ba ta yi nisa ba tsuntsaye suka taso. Ba tsuntsu ba ne wannan, hayaƙi ne mai baki. Na ja igiyar dama, suka sauka hagu. Na ja ta hagu, ta tsinke. Na juya in yi ihu, gadon ya ce bai san ni ba, sai ga ni cikin laka har gwiwa. Sai na ji wata ƙara ta tsaga fadamar, garken ya tashi gaba ɗaya. Ita ce, ta dawo a guje. Ta hau gadonta ta ɗaure igiyar, ta kalli wajen ƙauye, idonta ya cika. "Yaya, ka ce wa Mama na haddace. Allah na haddace."

Na koma da laka da saƙo. Mama ta ji, ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta ce, "Ku ɗauko ganga. Janareto ya huta."

Haka muka jeru a gefen gonaki, Baba Fasto da wando a naɗe. Yaran ba su sauko daga gadajensu ba, ba a ma ce su sauko ba. Kwaya ta ba da waƙa, suka amsa daga sama, wannan gona ta karɓa ta miƙa wa waccan, gwangwanaye suna kiɗa. Tsuntsu ya ga wannan taron ya fi ƙarfinsa, ya koma kan itatuwa yana kallo.

Matsalar ita ce, aya sai an yi shiru. Ana yin shiru tsuntsayen suka fara saukowa. Yarinyar ta buɗe baki, idonta na kan shinkafa, kalma ta maƙale. Sai Mama, da girmanta da ciwon gwiwarta, ta kama itace ta hau gadon, ta karɓi igiyoyin. "'Yata, ke faɗi. Gonar tana hannuna."

Ta faɗa. Da muryar korar tsuntsu ta faɗa, har yaron gonar ƙarshe ya ji. Duk inda ta tsaya numfashi, Mama ta ja igiya, gwangwani ya yi kacau, ta ci gaba. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta kai ƙarshe Mama ta rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan bai saki igiya ba. Ni dai wani abu ya shiga mini ido, ƙila ƙaiƙayi ne.

Muka bi gado-gado muka raba biskit, muka ci dafaffiyar doya da manja a tsaye. Da za mu tafi yarinyar ta karyo zangarniya ɗaya ta sa wa Mama a hannu, ta ce ta kai wa yaran Chadi su gani. Mai bishara ya ce har a yi girbi, ajin yara a fadama zai zauna.

Mun shigo Idu da magariba, kowa ya yi laushi, Mama na barci da zangarniyar a cinyarta. Ni ban yi makaranta mai zurfi ba, amma na ɗauko darasi ɗaya a wannan tafiyar. In za ka kai wa mutum labari mai daɗi, kar ka fara da kunna sifika. Fara tambayar abin da ke cin gonarsa, sannan ka riƙe masa igiya ya samu bakin amsa maka.