Buhunan Irin Masara da Ban Farke Ba

Ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Litinin, mu huɗu ne a ofishin manaja: shi manajan, direban motar kaya, dattijuwar da ke ɗinke bakin buhu, sai ni. Ƙaramin kamfanin irin shuka ne a Sabon Gari, ni kuma mai kula da sito.

Ga yadda aikinmu yake. Da farko a zuba iri a buhu, a auna. Sai dattijuwar, wadda kowa ke ce wa Mama, ta ɗinke baki ta haɗa da alama: jan ƙyalle ga masara mai saurin nuna, kore ga mai daɗewa. Daga nan ni zan farke buhu ɗaya cikin goma, in duba ƙwaya, in sa hannu a takarda. Sai da hannuna mota ke tashi.

Manaja ya ce mai shagon da muke kai wa kaya a Samaru ya kira. A cikin kayan ranar Juma'a akwai buhu arba'in masu jan ƙyalle, amma mai daɗewa ce a ciki. Ga damina ta yi nisa. Duk manomin da ya shuka ta yanzu, ruwa zai ɗauke ya bar shi da kara.

Direba ya ce, "Ni dai tuƙi aka ɗauke ni, yallaɓai. Ko tsakuwa aka loda mini zan kai."

Manaja ya ce, "Mama, wa ya ɗinka?"

"Ni ce."

"To ki ajiye allurarki ki tafi gida." Sannan ya juyo gare ni. "Kai ka duba naka, ko?"

Da na ce e, da magana ta ƙare, a ce waɗanda na farke ne suka dace. Amma gaskiya shekara shida ban taɓa farke ɗinkin Mama ba. Sa'ar mahaifiyata ce. Ita ta kwana da matata a asibiti lokacin haihuwar farinmu, ko coci ba ta je ba ranar Lahadin. Kunya nake ji in sa reza a aikinta tana kallo. Hannu kawai nake sawa.

Na ce, "Ban duba ba, yallaɓai. Kuma ba ranar Juma'a kaɗai ba."

Sai ya yanke hukunci. Mama ta koma bakin aikinta. Ni in miƙa makullin sito, in zauna gida mako biyu. Amma kafin nan sai na dawo da buhunan.

A shago muka tarar da talatin da uku. Bakwai an saya. Allah ya sa mai shagon ya san mutanensa. Kwana uku ina kan acaɓa ƙauye-ƙauye, na karɓo shida, na musanya musu. Manomin da ya sayi na bakwai ya riga ya shuka. Na kai masa iri na gaskiya, na tuɓe takalmi muka sake shukar tare. Da muka gama, ya ba ni ruwa.

Ranar da na dawo aiki, Mama ta kira ni gefe.

"Ɗana, ashe kunyata ce ta kusa cinye mini aiki? Idona ya fara rauni, in la'asar ta yi ba na rabe ja da kore sosai. Da kana farkewa, ai da tun bara na nemi tabarau."

Yanzu ta yi tabarau. Ita ke ƙirga buhu, in ya kai na goma ta turo mini da ƙafa, ta tsaya har sai na duba.

Mai karatu, ina roƙonka abu ɗaya. In a wurin aikinka kai aka ɗora wa dubawa, gobe ka duba kafin ka sa hannu, ko da wanda ya yi aikin ya haife ka.